ƘARFIN ƘASA A GONAKIN TUDUN JOS: ABIN DA KE RAGUWA DA YADDA ZA A MAYAR DA SHI

Duk wanda ya sayi dankalin Turawa a kasuwar 'Yankaba ta Kano, ko a Legas, ko a Fatakwal, da wuya a ce ba daga Jihar Filato dankalin nan ya fito ba, domin kuwa mafi yawan wanda ake nomawa a Nijeriya a can ake haƙo shi, a ƙasashen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom. Haka kuma kabeji da karas da latas da koren wake masu yawa daga can manyan motoci ke ɗauko su. Saboda haka zancen ƙarfin ƙasar Tudun Jos bai tsaya ga mutanen Filato kaɗai ba. Ranar da ƙasar ta kasa, uwargida a Sakkwato za ta ji a kuɗin cefanenta.

To, manoman wurin sun daɗe suna wani kuka. Suna cewa ƙasa ta gaji. Takin da ya ishi gona a zamanin iyayensu, yanzu sai an ninka shi kafin a ga amfani, wani lokaci ma a ninka ɗin amma masara ta tsaya a gwiwa, ganyenta ya yi rawaya. Wasu suna ɗora laifin a kan masu sayar da jabun taki, wasu a kan iri, wasu a kan canjin damina. Kowane daga cikin waɗannan yana da hannu. Amma akwai wani dalili da ke ƙarƙashin ƙafar manomi, wanda ido ba ya gani, shi ne wannan ɗan littafi zai bayyana, domin manomi da malamin gona da duk wanda ke zaune a ƙasa mai tsaunuka, ko a Mambila ne ko a Gwoza ko a Obudu, su san abin da ke faruwa a cikin ƙasa.

YADDA ƘASAR TAKE

Tudun Jos fili ne da ya ɗaga sama, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,600. Yawancinsa yana bisa tsayin mita 1,200 ko fiye daga bakin teku, duwatsun Shere kuwa, gabas da garin Jos, sun kai kimanin mita 1,800. Wannan tsayi ne ya ba shi sanyin da dankalin Turawa ke so. Ruwan sama yana kai wa kimanin milimita 1,400 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Daga nan ne kogin Kaduna da kogin Gongola da rafukan da ke shiga kogin Jama'are suka samo asali. Watau duk ƙasar da ruwa ya kwasa daga gonar mutumin Riyom, wani wuri can nesa za ta je ta cike madatsar ruwa ko ta binne fadamar wani.

Ƙasar noma 'yar dutse ce, halin uwarta take ɗaukowa. A Tudun Jos duwatsun iri biyu ne manya. Akwai farin dutse mai ƙyalƙyali, irin wanda ake gani a jibge kamar an ɗora wani kan wani, wanda a jikinsa ne kuza ta samo asali. Idan ya ruɓe yakan ba da ƙasa mai yashi da tsakuwa, marar kauri, wadda ba ta riƙe ruwa ko taki sosai. Akwai kuma baƙin dutse wanda ya fito daga aman wuta na tsaunuka tun zamanin da ba wanda ya sani, kamar yadda ake ganin tsofaffin bakunansu a wajen Kerang da Panyam da Miyango. Wannan shi ke ba da jar ƙasa ko mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai zurfi da laushi, wadda ta fi kowace albarka a yankin. Ba banza ba masarar Mangu ta yi suna. A wasu wurare kuma sai a tarar da marmara a ƙarƙashin 'yar ƙasa kaɗan, idan ruwa ya ɗauke ta saman, abin da ya rage ko fartanya ba ta shiga.

Duk irin waɗannan ƙasashe suna da wani hali guda: ruwa mai yawa da ya yi dubban shekaru yana ratsa su ya wanke gishirin da ke kashe tsami, don haka da ma can ƙasar tana da ɗan tsami tun kafin ɗan Adam ya sa mata hannu. Ƙurar hunturu da iska ke kawowa daga Sahara kowace shekara tana ɗan mayar da wani abu, gama tana ɗauke da sinadarai masu amfani ga shuka, amma abin da take zubawa bai kai abin da noman yau ke kwashewa ba.

ABINCIN SHUKA DA LISSAFINSA

Gona kamar rumbu take. Ana ɗiba, ana zubawa. Idan ɗiba ta fi zubi, ko rumbun ya kai girman ɗaki wata rana za a ga gindinsa.

Manyan abincin shuka uku ne. Na farko naitirojin, shi ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi tsawo. Idan ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen masara sukan soma rawaya daga tsini, rawayar ta bi tsakiyar ganye. Na biyu fosfaras, mai gina saiwa da ƙwaya. Rashinsa ke sa ƙaramar masara ta tsumbure, ganyenta ya yi ja-ja kamar an shafa masa jan galura. Na uku fotash, wanda ke cika dankali da rogo da doya, ya kuma ba shuka ƙarfin jure cuta. Rashinsa ke sa gefen tsohon ganye ya bushe kamar wuta ta lashe shi. Bayan waɗannan akwai waɗanda shuka ke bukata kaɗan-kaɗan, kamar farar wuta da zin, waɗanda rashinsu kan hana sauran yin aiki, kamar yadda miya ba ta daɗi in babu gishiri, kome yawan namanta.

Bari mu yi lissafi da dankalin Turawa. Manomin da ya haƙi tan 10 a hekta ɗaya, watau buhu 100 masu nauyin kilo ɗari-ɗari a wajen eka biyu da rabi, ya fitar da naitirojin kimanin kilo 30 da fotash kimanin kilo 50 zuwa 60 daga gonarsa, ya loda su a mota a kasuwar Maikatako, sun tafi ke nan ba dawowa. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15, mai nauyin kilo 50, fotash ɗin da ke cikinsa kilo bakwai da rabi ne kacal. Ashe sai ya zuba buhu bakwai ko takwas kafin ya biya bashin fotash na damina ɗaya. Idan kuwa kamfa mai lamba 20-10-10 ya saya, wanda fotash ɗinsa kilo 5 ne a buhu, sai buhu goma zuwa goma sha biyu. Manoma nawa ne ke iya wannan? Ragowar kuwa daga ajiyar ƙasa ake cirewa, shekara bayan shekara, kuma a gonakin da ke kusa da ruwa har sau biyu ko uku a shekara.

Wannan ba matsalar Filato kaɗai ba ce. A 1990 wasu masana daga ƙasar Holan suka yi wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya lissafin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, suka gano cewa a farkon shekarun 1980 kowace hekta ta noma tana asarar naitirojin kilo 22, fosfaras kilo biyu da rabi, da fotashiyam kilo 15 a shekara, bayan an cire duk abin da aka zuba. Naitirojin kilo 22 kuwa kusan buhun yuriya guda ne cur. Lissafin ya nuna ƙasashe masu tsaunuka da yawan jama'a su suka fi asara, saboda a gangare ba girbi kaɗai ke ɗiba ba, har da ruwa. Ruwan Agusta idan ya sauka a kan gonar da aka ja kunyoyinta daga sama zuwa ƙasa, kowane kwari yakan zama ƙaramin rafi, ƙasar saman kuwa, wadda ita ce mai maiƙo, ita yake fara ɗauka. Kaurin yatsa guda na irin wannan ƙasa yakan ci ɗaruruwan shekaru kafin ya samu, amma dare ɗaya ya isa a rasa shi.

DABARUN MUTANEN DĀ

Kada mai karatu ya zaci mutanen tsaunuka sai da malamin gona ya zo suka san darajar taki. Mutanen Kofyar, da ke zaune a kan duwatsun kudancin Filato, sun yi shekaru aru-aru suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta mutu ba. Wani Ba'amurke mai bincike, Robert Netting, ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda suke yi. Da damina sukan tsare awakinsu a wani ɗan shinge na dutse a bakin gida, a riƙa yanko musu ciyawa da ganye ana zuba musu. Abin da suka ci suka rage, da kashinsu da fitsarinsu, duk yana taruwa yana ruɓewa a ƙarƙashin ƙafarsu, a haɗa da tokar murhu da sharar gida. Kafin shuka sai a kwashe a cikin kwanduna a baza a gonar da ta kewaye gidan. A gangare sukan jera duwatsu su tare ƙasa, gona ta zama hawa-hawa kamar matakala, kunyoyinsu kuma a gicce suke da juna kamar zanen dara, kowane gurbi yana riƙe ruwan da ya sauka a cikinsa har ya nutse. Irin wannan matakalar dutse ita ce a tsaunukan Mandara, har ta kasance cikin dalilan da suka sa Hukumar UNESCO ta sa ƙasar Sukur ta Jihar Adamawa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

A saman tudun kuwa, Birom da maƙwabtansu sukan kewaye gonakin gida da shingen ƙerana, wanda ke tare dabba da iska da gudun ruwa. Gonakin jeji a shuka musu acca da tamba da dauro, waɗanda ba su da haɗama, in ƙasa ta soma rauni a bar ta saura ta yi shekaru tana hutawa. Da Fulani suka yawaita a tudun cikin ƙarnin da ya wuce, sai aka sami wata ma'amala mai kyau: bayan girbi shanu su shiga su ci kara da harawa, su kwana a gona, su bar taki.

Yawancin waɗannan sun yi rauni. Jama'a ta ƙaru, gona ta rarrabu tsakanin magada, babu sauran filin da za a bari saura. Tun daga shekarun 1950 Kofyar da yawa suka sauka filayen Namu noman doya na sayarwa, matakalar da aka bari kuwa ba mai gyara, dutse ɗaya ya zame, ruwa ya sami ƙofa. Masara da dankali, masu cin taki da yawa, sun maye gurbin acca a gonaki masu yawa. Tashe-tashen hankulan da suka addabi jihar tun daga 2001 kuma, ban da rayuka da dukiya da suka ci, sun ci wani abu da ba a cika lissafawa ba, watau amanar da ke sa manomi ya kira makiyayi ya sauka a gonarsa. Inda wannan amana ta karye, gona ta rasa taki, saniya ta rasa harawa, kowa ya yi asara.

TABON KUZA

Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza gadan-gadan, aikin ya kai ƙololuwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya durƙushe bayan faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985. An ƙiyasta filin da haƙar ta birkita ya haura murabba'in kilomita 300, watau wajen kashi huɗu cikin ɗari na tudun. Kashi huɗu kamar ba yawa, amma kuzar a bakin rafuka da fadamu take kwance, inda ƙasa ta fi kyau. An juye ƙasar ƙasa ta dawo sama, ta sama ta binne, aka bar tsibin turɓaya da kududdufai masu zurfi a Bukur da Barikin Ladi da kewaye. Itatuwa kuma suka ƙare wajen girkin dubban lebura.

Hukuma ta yi ƙoƙarin gyara, ta baje wasu tsibin, ta dasa itacen turare da nufin ƙasa ta farfaɗo a mayar wa manoma. An sami itacen wuta da na gini, amma ƙasar ba ta farfaɗo kamar yadda aka so ba. Binciken da malaman Jami'ar Jos da na Jami'ar Durham ta Ingila suka yi ya nuna cewa a ƙarƙashin turaren tsami ƙaruwa ya yi. Abin mamaki, waɗanda suka fi iya raya wannan matacciyar ƙasa su ne 'yan lambu, waɗanda suka kafa injin ban-ruwa a bakin kududdufan kuza, suka dage da zuba takin dabbobi da toka da na zamani a haɗe har turɓayar ta soma ba da latas da tumatir. A nan ilmin mai fartanya ya riga na ofis, kuma ya kamata a faɗa.

TAKIN BUHU DA TSAMIN ƘASA

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a shekarar ne kuma masana'antar takin sufa ta Kaduna ta soma aiki. Shirin bunƙasa noma na 1980 ya biyo baya. A waɗannan shekaru taki ya yi araha ƙwarai saboda rangwamen gwamnati, manoma da yawa suka ga ɗaukar buhu ɗaya a keke ya fi jigilar kwando hamsin na takin awaki sauƙi. Amfanin gona ya ƙaru, wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce a koma noma babu takin zamani. A taron shugabannin Afirka da aka yi a Abuja a 2006 ma an nuna cewa manomin Afirka kilo 8 kacal yake zubawa a hekta, aka ƙudura a kai shi kilo 50. Illar ita ce da aka ɗauki takin buhu magajin na gargajiya, alhali abokin tafiyarsa ne.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta soma wani gwaji a 1950, aka yi shekaru da dama ana noma filaye guda, wani da takin shanu, wani da na zamani, wani da duka biyun, wani ba kome. Filayen da aka dinga zuba wa takin zamani mai naitirojin shi kaɗai sun yi kyau da farko, daga baya ƙasarsu ta yi tsami, amfani ya ja baya. Waɗanda aka haɗa wa biyun su suka riƙe ƙarfinsu. Idan haka ta faru a Samaru, to ina ga Filato, inda ruwa ya fi yawa, ƙasa kuma da ma da tsaminta?

Ga yadda abin yake. Yuriya da salfa, idan sun narke a ƙasa suka juya zuwa abin da saiwa ke sha, sukan bar tsami a baya. Buhun yuriya ɗaya yana barin tsamin da sai an zuba garin dutsen farar ƙasa wajen kilo 40 kafin a kashe shi, salfa kuwa, in aka auna da yawan naitirojin ɗin da kowanne ke bayarwa, ta ninka yuriya kusan sau uku wajen wannan ɓarna. Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake rubutawa pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, duk abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne, kuma saukowa daga 6 zuwa 5 ninki goma ne. Idan ƙasa ta sauko ƙasa da biyar da rabi, kamar yadda ake samu a gonaki da yawa na tudun, sinadarin alminiyam da ke kwance lafiya a cikinta yakan narke ya zama guba ga saiwa. Saiwar masara ta gajarce ta yi kauri, ta kasa bin ruwa da abinci zuwa ƙasa. Sa'an nan kuma alminiyam ɗin da ƙarfen da ya ba jar ƙasa launinta sukan cafke fosfaras su riƙe shi gam, shuka tana kusa da shi amma ba ta iya ci. Manomi ya ga masara ba ta tashi, sai ya ce yunwa take ji, ya ƙaro yuriya. Ƙarin yuriya kuwa ƙarin tsami ne. Ga kuɗi ya tafi, ga ciwo ya ƙaru.

Akwai kuma wata asara ta ɓoye. Sufa tana ɗauke da farar wuta, wadda manomi ke samu a kyauta ba tare da ya sani ba. Da aka koma kamfa da yuriya zalla, wannan kyauta ta yanke. Haka zin: idan aka ga sabon ganyen masara da faffaɗan zane fari-fari a gefen tsakiyarsa, sau da yawa rashinsa ne. Takin dabbobi yana da duk waɗannan kaɗan-kaɗan.

Don haka in an tambaya ina ƙarfin ƙasar Tudun Jos ya dosa, amsar ba ɗaya ba ce, har a gonakin mutum guda. Gonar bayan gida, mai samun toka da shara da kashin kaji, tana nan da ƙarfinta, wata ma ƙaruwa take yi. Lambun bakin ruwa da ake zuba wa kamfa sau biyu ko uku a shekara yakan tara fosfaras har ya fi bukata, alhali fotash da ruɓaɓɓen ganye suna raguwa. Gonar jeji mai nisa, wadda ba ta ganin kome sai ɗan yuriya in an samu, a kwashe karanta a kai gida, a sa wa ragowar wuta, ita ce ke mutuwa a hankali. Wuta kuwa tana barin toka, amma naitirojin da farar wutar da ke cikin ciyawa a hayaƙi suke tafiya.

TOKAR BOLA

'Yan lambun bakin kogin Dilimi da kewayen Jos sun daɗe da gano cewa tokar bolar gari tana gyara ƙasa. Sukan sayo sharar gari a mota, su ƙone, su tsince, su zuba. Sun yi daidai, gama toka tana kashe tsami, tana kuma da fotash. Sai dai bolar yau ba ta jiya ba ce. Da can tokar murhu ce da ɓawon doya da kashin tumaki. Yanzu akwai leda da matattun batura da gwangwanin fenti da tarkacen wayoyi, waɗanda ke ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba. Waɗannan ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a ƙasa, kuma kayan ganye irin su latas da alayyafo sun fi saurin ɗaukarsu. Ana gargaɗin manoma su tsince batura da leda da ƙarfe kafin a sa wuta, su guji sharar asibiti da ta garejin makanikai sam-sam. Tokar gidan burodi da ta masu tuya da ta murhun gida ta fi aminci nesa ba kusa ba.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

Aikin farko a gangare shi ne tsayar da ƙasa, gama zuba taki a gonar da ruwa ke kwashewa kamar zuba ruwa ne a kwando. A ja kunya a gicciye, kada a bi gangare da ita. Don a sami layin da ya daidaita ba a bukatar injiniya. A ɗaure sanduna biyu masu tsawo ɗaya a sama, a buɗe ƙafafunsu, a gicciya ta uku a tsakiya, a rataya igiya mai dutse daga saman. A fili mai shimfiɗa a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya. A gona, duk inda aka kafa ƙafafun igiya ta faɗa kan alamar, to wuraren biyu tsayinsu ɗaya ne. A kafa turke, a juya, a ci gaba har ƙarshen gona. A kan wannan layi a jera duwatsu, waɗanda da ma sun ishi kowa a Filato, ko a dasa jema ko gamba. Cikin damina biyu ko uku za a ga ƙasa ta taru a bayan layin da kanta. Wanda ya gāji matakalar kakanni kuwa, ya gyara inda ta zube kafin ruwan fari.

Sa'an nan a nemi sanin ciwon gonar. A lokacin rani a bi gona a karkace, a haƙi wuri goma zuwa goma sha biyar, zurfin taki ɗaya, watau wajen santimita 20, a ɗebi ƙasa daga sama har ƙasa, a gauraya a cikin bokiti mai tsabta, a cire kamar rabin mudu, a shanya a inuwa. Ta gangare daban, ta fadama daban, kada a haɗa. A rubuta suna da ƙauye da abin da aka shuka bara, a miƙa wa malamin gona, shi ya san ɗakin gwajin da zai kai, ko a jami'a ko a kwalejojin aikin gona irin wadda ke Kuru. Manoman ƙauye guda in sun haɗa kai cikin ƙungiya, kuɗin gwaji da na mota yakan zo da sauƙi.

In gwaji ya nuna tsami, maganinsa garin dutsen farar ƙasa ne, wanda malaman gona ke kira laim. Nijeriya tana da wannan dutse jingim a Ashaka da Gboko da Kalambaina da Obajana. A kula, ba siminti ake nufi ba, ko da yake daga dutse ɗaya ake yin su. Sau da yawa tan ɗaya zuwa biyu ake bukata a hekta, amma gwaji ne zai faɗi adadi. A baza shi a juye da ƙasa aƙalla wata guda kafin shuka, kuma amfaninsa yakan kai damina biyu ko uku. Kabeji da masara da wake sun fi son sa. Dankalin Turawa kuwa yana jure ɗan tsami, in aka cika masa laim sai fatarsa ta yi ƙazuwa, 'yan kasuwa su karya farashi. Saboda haka a zuba laim ɗin a shekarar masara ko kabeji, dankali ya biyo baya. Kada a cuɗa laim ko toka da yuriya ko ɗanyen kashin kaji, domin naitirojin zai tashi a iska, hanci ma zai shaida.

Yuriya a binne ta a gefen shuka cikin ƙasa mai laima, kada a watsa a sama. A ba masara kamfa cikin mako biyu na farko, yuriya a mako na biyar ko na shida, maimakon a zuba duka lokaci ɗaya ruwan Yuli ya wanke. Waken suya da wake da gyaɗa da gurjiya suna ɗauko naitirojin daga iska, a riƙa sa su a juyin shuka, kuma kada a maimaita dankali a wuri ɗaya shekara bayan shekara, ko don gudun cuta.

Tun da farashin taki ya yi tashin gwauron zabi a 2022, sakamakon yaƙin Rasha da Yukiren, manoma da yawa suka koma neman kashin kaji daga gidajen kiwon da suka kewaye Jos da Bukur, har shi ma ya yi tsada. Wanda ba shi da halin saye, ya dubi abin da ke gidansa. Awaki biyar da aka tsare da damina a kan shimfiɗar ciyawa, da rumfa a kansu don kada ruwa ya wanke fitsarin, za su tara takin da zai ishi ɗan fili. In bai isa a baza ko'ina ba, a zuba cikin tafin hannu a kowane rami, a ɗora ɗan kamfa a gefe. In kuma gonar ta fi ƙarfin takin da ke hannu, a raba ta kashi uku: kashi ɗaya ya sami taki da laim sosai a bana, na biyu waken suya, na uku acca, baɗi a juya.